Kachala a dausayin Hadejia da Nguru: ciyawar ce matsalar ko ruwan?

Ɗan_Guri
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya ce gare ni ga masana ruwa da tsirrai. Kusan kowace shekara ana tara mutane, wani lokaci har da injuna, a yanke kachala a kogin Hadejia da mashigar Marma, amma kafin shekara ta zagayo ta koma yadda take. Dattawan Guri da Kirikasamma kuma sun ce a da ba ta wuce ɗan gungu a bakin tafki ba. To baƙuwar ciyawa ce aka shigo mana da ita, ko kuwa wani abu ne ya sauya a wurin?

Injiniyan_Ruwa
Wa alaikumus salam. Ba baƙuwa ba ce, ruwan ne ya sauya hali. Koguna biyu ke shayar da dausayin nan: Hadejia, wanda haɗuwar kogin Kano da na Challawa ta haifar, da Jama'are mai gangarowa daga tsaunukan Jos. A da ruwa kan cika ya malale fadama wajen Agusta da Satumba, ya fara janyewa da kaka, kafin bazara yawancin mashigu sun ƙafe, ƙasa ta tsattsage. Aka kammala madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992. Daga nan abu biyu suka zo tare. Babban ruwan damina ya ragu domin ana tare shi a dam, da rani kuma ana sakin ruwa kaɗan-kaɗan saboda noman rani da ruwan sha. Mashigar da ta saba bushewa na watanni sai ta koma riƙe da ruwa marar zurfi, marar gudu, tun daga wannan damina har wata. Irin wurin da kachala ke nema ke nan. Ƙari a kan haka, babu sauran ruwa mai ƙarfin da zai share yashi da laka daga cikin mashigun.

Malama_Tsirrai
Bayanin Injiniya haka yake, bari in ƙara da ɓangaren ita ciyawar. Abin da ake gani a sama ganye ne kawai. Ranta yana cikin wata saiwa mai kauri da ke kwance cikin laka tana tafiya gefe-gefe, tana fitar da sabon toho a gaɓoɓinta, kuma a nan take ajiye abinci. Cikin laka babu iska, don haka ganyen cike yake da ƙananan ramuka da ke kai iska har ƙasa ga saiwar. Kan furenta guda, wannan mai kama da gero, yana iya ɗauke da iri fiye da dubu ɗari, iska ce ke kwasarsa. Irin ba ya tsira a busasshiyar ƙasa, ba ya kuma tsira a ruwa mai zurfi. Laka mai danshi ko ruwa ɗan kaɗan yake so. Shi ya sa fadamar da ke cika sosai sannan ta bushe sosai take hana ta sakewa ta ɓangarori biyu. Sai kuma taki. Abin da ruwa ya wanko na takin zamani daga gonakin rani yana ƙara mata ƙarfi, domin ta fi sauran ciyayin fadama iya cin moriyarsa.

Abu_Safiyya
A banka mata wuta da rani mana a huta.

Malama_Tsirrai
Malam Abu Safiyya, wuta ganye take ci, saiwar tana cikin laka ba abin da ya same ta. Bayan mako kaɗan toho zai fito, ga toka ta zama masa taki, ga rana na dukansa kai tsaye tunda tsohon ganyen da ke yi masa inuwa ya tafi. Ƙona ta ko yanke ta a saman ruwa aski ne kawai. Wuta tana da amfani a wuri ɗaya: idan za a kawar da tsohon tarin ganye kafin a tura ruwa mai zurfi ya rufe kututturan.

Manomin_Auyo
Ni fa ina da ja. Da an tashi maganar nan sai a ɗora wa dam laifi. Shinkafa da alkama da tumatir ɗin da ake nomawa a Kadawa da Kura da Auyo da wane ruwa ake yi? Sannan an manta da farin 1973 da na 1984. Ko babu dam ai ruwan sama ya ragu a shekarun nan.

Injiniyan_Ruwa
Ranka ya daɗe, ba wanda ya ce a rushe dam. Fari kuma gaskiya ne, ya rage faɗin wurin da ruwa ke malalewa. Amma fari busar da fadama yake yi, kachala kuwa ba ta son bushewa. Da fari ne kaɗai, da raguwa za ta yi. Abin da ya ba ta dama shi ne ruwan rani mai tsayawa. Magana a kan yadda ake sakin ruwan take: a saki mai yawa lokaci guda a tsakiyar damina ya yi aikin ambaliyar da, sannan a ware wani lokaci da rani a rage shi har mashigun ƙasa su sha iska. Inda gizo ke saƙar shi ne lokacin da dausayi ke buƙatar bushewa shi ne lokacin da mai alkama ke buƙatar ban ruwa.

Manomin_Auyo
Yauwa, to a faɗi haka. Domin in aka rufe ruwa a Janairu alkama ta mutu.

Masuncin_Bade
Ku bar ni in shigo da kifi, domin shi ne ya fi nuna abin da ya faru. Yawancin kifin kogin nan da tashin ruwa yake hayayyafa. Da ruwa ya fara hawa ya shiga ciyawa, tarwaɗa da kawara da kurungu sai su bi shi su zuba ƙwai a fadama. Bargi har sheƙa yake yi da ciyawa, zagayayya, faɗinta ya kai kamar mita guda, ya tsaya yana gadi. Karfasa kuma macen ce ke riƙe ƙwai da 'ya'ya a baki. Dalilin fitarsu fadama abinci ne. Kashin shanun da suka yi kiwo a wurin da rani da busasshiyar ciyawa suna jiƙa su ruɓe, gansakuka da ƙananan halittun ruwa su yawaita, 'ya'yan kifi su ci su yi girma cikin wata biyu zuwa uku, ga ciyawa ta ɓoye su daga manyan kifi. Da ruwa ya fara ja sai su koma kogi da tafkuna. Shekarar da ruwa ya malala da faɗi ya kuma daɗe, kamun da ke biye da ita yakan yi kyau. Shekarar da bai fita daga kwarinsa ba, ƙwan ma ba a zuba da yawa ba balle a kama.

Ummu_Khalil
To amma kachala ba maɓoya ba ce ga kifi? Na ɗauka inda ciyawa ta yi yawa nan kifi ke so.

Dakta_Kifi
Gefenta maɓoya ce, Hajiya, tsakiyarta kuwa ba haka ba. Idan ta yi duhu rana ba ta isa ruwan, gansakuka ba ta samun yi, wato tushen abincin ya yanke. Matattun ganyenta kuma suna taruwa a ƙasa suna ruɓewa, ƙwayoyin da ke ruɓar da su suna shanye iskar oksijin da ke narke a ruwan. Yawancin kifi suna fara wahala idan ta sauka ƙasa da miligiram 3 a lita guda, kuma da asuba ta fi yin ƙasa, tunda dare ya raba tsirrai da hasken da suke samar da ita. Wanda zai auna ya auna kafin fitowar rana, awon la'asar yaudara ne. Masu jure irin wannan ruwa su ne masu iya shaƙar iska daga sama: tarwaɗa, da gaiwa mai huhu wadda ke binne kanta a laka ta yi rani a ciki. Giwan ruwa ba ya iyawa. Don haka kifi bai ƙare ba, amma ire-irensa sun ragu, kuma wanda ya rage yana inda kwalekwale da taru ba sa shiga.

Masuncin_Bade
Akwai laifinmu mu masunta a ciki, kada a ce an rufe. Dumba, shingen kama kifi da ake gitta wa mashiga, tana rage gudun ruwa, laka ta kwanta a gindinta, kachala ta samu wurin kafuwa. Tana kuma tare kifi babba da ƙarami lokacin da yake komawa kogi. Ga kalli mai ƙananan ido. Duk ragar da idonta bai kai inci 3 ba karfasar da ba ta taɓa zuba ƙwai ba take kwashewa.

Mai_Tsuntsaye
Ba a taɓo janbaki, ƙaramin tsuntsun nan mai cin hatsi a garke, ba har yanzu, alhali shi ne ya fi ƙona wa manoma rai. Asalin abincinsa irin ciyawar daji ne. Nauyinsa kamar giram 20 ne, yana kuma cin abin da ya kai rabin nauyin nan a yini. Lissafin mai sauƙi ne: giram 10 sau tsuntsu miliyan ɗaya ya zama tan 10 a rana. Abu uku yake nema: abinci, ruwan sha kullum, da wurin kwana mai duhu inda abokan gaba ba sa isa gare shi. Kachala a tsakiyar ruwa ta ba shi biyun ƙarshe, gonakin shinkafa da gero da dawa da ke kewaye suka ba shi na farko. Hayayyafarsa kuma da sauri take: ƙwai uku galibi, kwana 10 ya ƙyanƙyashe, bayan kamar mako biyu 'ya'yan sun bar sheƙa.

Abu_Safiyya
Wannan dai jirgin feshi ne maganinsa, ba wata doguwar magana.

Mai_Tsuntsaye
Feshi yana ceton gonar bana idan an gano wurin kwanan da wuri aka kuma yi shi da magariba bayan sun sauka. Ba ya rage yawansu a shekara mai zuwa, domin tsuntsu ne mai yawo ƙasa zuwa ƙasa yana bin ruwan sama, wani garke zai maye gurbin. Maganin da aka saba fesawa, fenthion, bai san janbaki kaɗai ba. Shaho da shirwa da mujiya da suka ci gawar ko mai magagin mutuwa su ma suna tafiya, kuma su ne masu rage ɓeraye a gona. Mafarauta irin waɗannan ba su da yawa tun asali, saboda a kowane mataki na sarƙar abinci kusan kashi 10 cikin 100 ne kawai na ƙarfin abincin ke wucewa zuwa na sama. Janbaki zai cike gurbinsa cikin damina ɗaya, shaho sai ya ɗauki shekaru. Idan kuma wurin kwanan a kan ruwa yake, maganin cikin ruwan zai sauka. Sannan a ja kunnen yara kada su tsince tsuntsayen da aka fesa a kai kasuwa.

Bafaden_Nguru
Tunda an zo kan tsuntsaye, su shamuwa da ke zuwa mana daga Turai fa? Kachala ta shafe su?

Mai_Tsuntsaye
Gyara kaɗan, yallaɓai. Shamuwar da muke gani da farkon damina ba daga Turai take ba. A nan take sheƙa ta yi 'ya'ya, da kaka ta nufi gabashi da kudancin Afirka. Baƙin Turai da arewacin Asiya akasin haka suke: suna isowa wajen Oktoba su koma wajen Maris, ƙananan agwagin ruwa ne da masu dogayen ƙafa da ke tsintar abinci a laka. Lokacin zuwansu ya dace da janyewar ruwa, sa'ad da laka ke buɗewa cike da tsutsa da ƙwari da irin ciyawa. Saboda su da 'yan gida irin su kirinjijiya da ɗinya aka sa tafkin Nguru da mashigar Marma cikin jerin Ramsar, wato na dausayi masu muhimmanci a duniya, a 2000, wuri na farko a Nijeriya, daga baya aka ƙara Baturiya da Dagona a 2008. Kachala tana cinye musu buɗaɗɗen ruwa da fili mai laka. Amma a yi adalci, akwai ƙananan tsuntsayen da cikin irin wannan ciyawa suke rayuwa, su riba suka ci. Wurin bai mutu ba, mazaunansa ne suka sauya.

Jami'ar_Lafiya
Ga wani mazaunin da ya ci riba: dodon koɗin ruwa. Ƙananan nan da ke manne a jikin ciyawa su ne masaukin tsutsar tsargiya. Mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwan ya ƙyanƙyashe, tsutsar ta shiga dodon koɗi ta hayayyafa na 'yan makonni, ta fito ta huda fatar duk wanda ya shiga ruwan. Bushewar fadama tana kashe da yawa daga cikinsu kowace shekara. Ruwa mai tsayawa da ciyawa kuwa ya ba su gida da abinci. An ga wannan ƙarara a kogin Senegal. Bayan an gama madatsar Diama a 1986, ruwan gishiri ya daina hawowa, kachala ta mamaye ƙasan kogin, cutar tsutsar ta ɓarke a garin Richard Toll. Wani abin da aka gano daga baya shi ne dam ɗin ya tare hanyar wani babban jatan lande da ke cin dodon koɗin, domin sai ya gangara bakin teku yake hayayyafa. Don haka masu shiga yankan kachala da hannu su sa dogon takalmin roba da safar hannu, a kuma tanadi maganin praziquantel ta hannun ma'aikatan lafiya. Tsutsar ta fi fitowa da tsakar rana, aikin sassafe ya fi sauƙin haɗari.

Likitan_Dabbobi
Haka tsutsar hanta a shanu da tumaki, ita ma ta jikin wani dodon koɗin take bi, ta manne a ciyawar bakin ruwa dabba ta ci. Ga asarar kiwo kuma. Inda kachala ta kafu burugu ya tafi, shi ne kuwa ciyawar da shanu ke dogaro da ita da rani. Kachala sai tana ɗanyen toho suke taɓa ta, da ta ƙosa ba sa ci. Makiyayi ya rasa makiyaya da mashaya sai ya matso gonar rani, kowa ya san abin da ke biyo baya. Ku kuma haɗa da abin da Masuncin Bade ya faɗa: shanun da ba su shiga fadama ba ba su bar kashin da zai ciyar da 'ya'yan kifi ba.

Ɗan_Guri
Na gode ƙwarai. Amma a dawo kan tambayata ta wani gefen. Mu da ba mu da iko da dam, idan gari ya tashi gayya, yaya za a yi yankan ya yi tasiri?

Malama_Tsirrai
A yanke ta a ƙarƙashin ruwa, ba a sama ba. Kututturen ya kasance ruwa ya rufe shi da aƙalla taƙi guda, santimita 20 zuwa 30, ya kuma zauna a rufe na makonni. Hanyar iskar nan da na ambata ita ake toshewa, saiwar ta shaƙe ta ruɓe. Lokacin da ya fi shi ne sa'ad da ta fara fitar da kai, domin ta kwashe abincin da ta ajiye ta zuba a fure, kuma irin bai nuna ba. Yanka ɗaya ba ya isa. Duk tohon da ya leƙo saman ruwa ya mayar wa saiwar numfashi, sai a koma a sake, sau biyu ko uku a shekarar. Abin da aka yanke a fitar da shi tudu. In aka bar shi a ruwa zai ruɓe ya shanye iskar da Dakta ya yi bayani, ko ya taru ya toshe mashigar a gaba. A fara daga tsakiyar mashiga inda ya fi zurfi a buɗe wa ruwa hanya, gudun ruwan da kansa zai taya aiki. Kuskuren da aka fi yi shi ne yanka lokacin da ruwa ke janyewa: bayan kwana kaɗan kututturan sun fito fili, ga laka a buɗe, iri ya samu wurin tsira.

Injiniyan_Ruwa
A kuma yi shawara da garuruwan ƙasa kafin a buɗe. Toshewar mashigar Burum Gana da tsohon kwarin Hadejia ce ta karkatar da yawancin ruwa zuwa Marma da Nguru, wasu gonaki suka nutse, wasu suka rasa ruwa. Kowane gari ya haƙa tasa hanya ba tsari, matsalar kawai ake tura wa maƙwabci. Yashe laka da inji ma in an tara ta a bakin mashiga, damina ɗaya za ta mayar da ita.

Ɗan_Diffa
Gaisuwa daga wannan gefen Komadugu. Mu ne ƙarshen layi. Ruwan da ya wuce Gashuwa shi ke zuwa mana kafin ya kai tafkin Chadi, da shi ake noman tattasai. Yawancinsa yanzu na Jama'are ne, tunda na Hadejia yana ƙarewa a dausayi. Shi ya sa duk lokacin da aka ta da maganar gina dam ɗin Kafin Zaki a kan kogin Jama'are hankalin mutanen nan ke tashi. Ambaliyar kuma ita ke cika ruwan ƙarƙashin ƙasa da ƙananan rijiyoyin fadama ke ja, ita ke riƙe da goriba da gabaruwa da giyayya. In ta ragu ba a shekarar ake gani ba, sai rijiya ta fara zurfi itatuwa suna bushewa daga sama.

Ummu_Khalil
Ba za a iya mayar da ita abin amfani ba? Na san ana tabarma da jinka da ita, a Senegal da Muritaniya kuma ana yin gawayi.

Dakta_Kifi
Ana yi, kuma yana rage sare itace. Amma mai gawayi busasshen kara yake so mai yawa, a saman ruwa zai yanka inda ya fi sauƙi, kuma yana son ta sake fitowa baɗi. Mai son buɗe mashiga yana son ta mutu. Sai dai a raba wuri: tsakiyar mashiga a kashe, gefe a bar wa masu sana'a.

Manomin_Auyo
Har yanzu ba a amsa tawa ba. Wane wata ne za a rage ruwan da ba zai kashe amfanin wani ba? Bayan girbin alkama masu shinkafar rani suna tsakiyar ban ruwa.

Injiniyan_Ruwa
Babu watan da ba mai amfani a gona, Alhaji. Abin da za a iya shi ne karba-karba: a sa ƙofofi a bakin manyan mashigu, bana a busar da wannan daga Maris zuwa saukar ruwan sama, baɗi a busar da waccan, a sanar da manoma da masunta tun kafin su zuba jari. Wannan kuwa sai hukumar kogunan Hadejia da Jama'are ta zauna da Kano da Jigawa da Yobe da Bauchi a kan jadawali guda.

Malama_Tsirrai
Bushewar wata biyu ba za ta kashe tsohuwar saiwa ba, tana jurewa in akwai danshi a ƙasa. Sai an bi da garma an tono ta rana ta buge ta. Sabbin tsiro ne bushewar ke kashewa. Malam Ɗan Guri, kafin ku sa ranar gayya ku kafa sanda mai alama a wurin da za ku yanka, ku riƙa duba ta kowane mako. In ruwan hawa yake ku shiga, in sauka yake ku dakata.